Ƙurajen da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro: ina ruwan gado a ciki?

A makon ƙarshe na Janairu, lokacin da sanyin Jos ke sa mutum ya tsaya yana shawara da butar alwala, 'yar yayata mai shekara 11 ta wayi gari da wasu ƙananan ƙuraje a baya da ciki. Kafin kwana huɗu sun sauka cinyoyi, sun hau damatsa. Babu ruwa a cikinsu, babu mugunya. Kowane bai wuce ƙwayar wake ba, ya fi fatarta duhu, a samansa kuma wani ɗan ɓawo fari-fari kamar an barbaɗa toka. Nan take gidansu da ke Unguwar Rogo ya cika da likitoci. Kakarta ta wajen uba ta ce ƙyanda ce ta ƙi fita gaba ɗaya. Uwar ta zargi sabon sabulu. Maƙwabciya ta ce makero ne, a raba mata soso da tawul. Mai kemis ya miƙo man shafawa irin wanda ake cewa ba ya barin kowane ƙurji.

Da aka gaji aka kai ta wajen likitan fata, ya duba bayanta, ya kankare ƙurji ɗaya a hankali, sannan ya juyo wajen uwar: "Malama, ta yi ciwon maƙogwaro kwanan nan?"

"Likita, fatar muka kawo. Maƙogwaron ai ya warke, yau kusan mako uku ke nan."

Ya gyaɗa kai kamar wanda aka ba amsar da yake jira. Sai ya sake tambaya ko a dangi akwai mai amosanin kai da ba ya jin magani, ko mai kirci a gwiwar hannu da ta ƙafa. Kafin kowa ya buɗe baki kakar ta ce, "Mu dai danginmu ba mu da irin wannan." Ni kuwa na san marigayi mijinta ya yi shekaru yana shafa man kaɗanya a wani farin ɓawo da ke gwiwar hannunsa. Na yi shiru, ba hurumina ba ne.

Tambayoyin nan biyu su ne dukkan maganar. Cutar da likita ya ambata sunanta soriyasis, kuma ba ta da takamaiman suna a Hausa. Gwargwadon inda ta fito, a kan kira ta kirci, ko makero, ko amosani, wani lokacin ma a rufa mata sunan kuturta, wanda shi ne mafi muni. A lafiyayyar fata, sabon tantani, wato ɗaya daga cikin ƙananan ƙwayoyin halittar da jiki ya ginu da su, yakan ɗauki kusan kwana 28 kafin ya taso daga ƙasa ya iso sama ya mutu ya kaɗe ba tare da mutum ya sani ba. A inda soriyasis ta kama, tafiyar nan ba ta wuce kwana 3 zuwa 7. Tantanin da bai nuna ba yana isowa, wani na binsa a baya, sai su taru su yi kauri su zama ɓawo. Abin da ke kora su haka shi ne garkuwar jikin mutumin da kanta, wadda ta ɗauka akwai yaƙi a fata alhali babu. Saboda haka ba a ɗaukar cutar. Ko an haɗa kwano, ko an haɗa shimfiɗa, ko an yi aure, ba ta tsallakawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2014 cewa tana cikin manyan cututtukan da ba sa yaɗuwa, a rahotonta na 2016 kuma ta ce aƙalla mutum miliyan 100 ke fama da ita.

Nau'in da ya fi yawa shi ne mai faffaɗan tabo a gwiwoyi da fatar kai da ƙugu, wanda ke tafiya yana dawowa tsawon rai. Na yarinyar nan daban ne. Likitoci suna kiransa gutet, daga kalmar Latin mai nufin ɗigo, domin kamar an yayyafa wa mutum ruwa ne ɗigon ya bushe a jikinsa. Ya fi kama yara da matasa 'yan ƙasa da shekara 30, kuma yakan fito mako ɗaya zuwa uku bayan wata bakteriya mai suna Streptococcus pyogenes, wadda ma'aikatan asibiti ke taƙaitawa da sitiref, ta kama maƙogwaro. Tun 1916 wani likita a Amurka ya rubuta cewa ya ga soriyasis tana biyo bayan kumburin tonsil, wato tsokokin nan biyu da ke dama da hagu a ƙofar maƙogwaro. Tazarar makonnin ita ce ke ɓatar da iyaye. Zazzaɓi ya sauka, yaro ya koma cin tuwo, ya koma makaranta, an manta. Ranar da ƙurajen suka fito, abin da ake tuhuma shi ne abin da aka ci jiya ko aka shafa shekaranjiya.

To amma a ajin yarinyar nan ba ita kaɗai ta yi ciwon maƙogwaro ba. Lokacin hunturu ne, an rufe tagogi, yara sun cunkushe a aji da safe, sun cunkushe a Islamiyya da yamma, wannan ya yi atishawa wancan ya shaƙa. Me ya sa sauran suka warke shi ke nan, ita kuma fatarta ta ɗauka? A nan gado ke shigowa.

Mu a nan in aka ce cutar gado, sikila ke zuwa a rai, saboda gwajin da ake yi kafin aure ya koya mana lissafin AA da AS da SS. Lissafin sikila a fili yake: ƙwayar gado guda ce, wanda ya karɓi S daga uwa da S daga uba ya kamu, babu makawa. Wanda ya ɗauko wannan lissafi ya ɗora wa soriyasis zai yi kuskure. An gano wurare sama da 60 a cikin ƙwayoyin gadon ɗan Adam da ke da hannu a cikinta, kowane da ɗan nauyinsa, yawancinsu kuma na sha'anin garkuwar jiki ne. Abin da ake gada sauƙin kamuwa ne. Wani tsohon bincike da aka yi a Jamus ya ƙiyasta cewa idan ɗaya daga cikin iyaye na da ita, haɗarin ɗa ya kai kashi 14 cikin 100. Idan dukkansu biyu ne, kashi 41. Idan babu kowa a gida, kusan kashi 2. A juya lissafin a gani: ko a gidan da uwa da uba duk suna da ita, fiye da rabin 'ya'yan ba za su yi ba. Tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya ma, waɗanda gadonsu iri ɗaya ne sak, sau da yawa Hassan na da ita Husaini kuwa fatarsa sumul. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a wannan cuta sau da yawa ɗan barewar tafiyarsa yake yi a hankali har ya tsufa.

A cikin waɗannan ƙwayoyin gado akwai babbar yaya, wadda ta fi sauran nauyi nesa ba kusa ba. Sunanta HLA-Cw6, tana zaune a kuromosom na 6, ɗaya daga cikin zaren da ƙwayoyin gado ke jere a kai, kuma masu bincike a Finlan ne suka nuna alaƙarta da cutar a 1980. An fi samunta a wajen waɗanda cutar ta fara musu kafin shekara 40, da masu ita a dangi, sannan musamman masu nau'in ɗigo-ɗigo; mafi yawansu suna ɗauke da ita. Wanda ya karɓe ta ta ɓangaren uwa da na uba duka ya fi mai guda ɗaya haɗari, kuma auren zumunci na iya ƙara yiwuwar haɗuwar biyun. Duk da haka, cikin mutum goma masu ɗauke da ita, kusan ɗaya ne ke yin cutar. Shi ya sa babu wani gwajin soriyasis kafin aure da zai amfana wa kowa komai, kuma a ganina duk wanda ya fasa auren yarinya saboda an ga ɓawo a gwiwar babanta ya yi zalunci ne da sunan taka-tsantsan.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne aikin da wannan ƙwayar gado ke yi, don shi ne ke haɗa maƙogwaro da fata. Mutumin Jos ya san shingen bincike, ya san 'yan sintirin unguwa. A jiki ma akwai 'yan sintiri, wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira T. Ba sa iya leƙa cikin tantani, don haka kowane tantani yana da wani ɗan faranti a bayansa da yake ɗora gutsuren abin da ke cikinsa ya nuna musu. In gutsuren na gida ne su wuce, in na baƙo ne su far masa. Ƙwayoyin gado na HLA su ne ke ƙera farantan, kuma siffar farantin kowa ita ke yanke irin gutsuren da zai iya ɗauka. Farantin mai Cw6 yana da tasa siffar.

Ita kuma bakteriyar sitiref tana sanye da wata riga ta furotin da ake kira M. Wasu sassan wannan riga sun yi kama ƙwarai da keratin mai lamba 16 da 17, furotin da fata ke ƙerawa musamman in ta ji rauni ko ta kumbura. Masu bincike a Aisland, ƙarƙashin Helgi Valdimarsson, sun daɗe suna bin wannan sawu. Bayaninsu shi ne: a cikin tonsil ake horar da 'yan sintirin su gane rigar ɓarawo. Gubar da bakteriyar ke fitarwa kuma tana tayar da su da yawa a lokaci guda, tana sa su ɗauki wata alama da ke zama musu takardar shiga fata. In suka bi jini suka isa can, sai farantin Cw6 ya ɗaga musu gutsuren da ya yi kama da rigar da aka nuna musu. Kama da wane ba wane ba ne, amma ɗan sintirin da aka tayar cikin dare ba ya tsayawa tantancewa. A 2006 wasu masu bincike a Munik ta Jamus sun sami 'yan sintiri 'yan asali ɗaya a tonsil ɗin wasu marasa lafiya da kuma cikin tabon fatarsu, abin da ya ƙarfafa cewa daga can suka taso. Akwai kuma wasu furotin na jiki da aka nuna 'yan sintirin na kai wa hari, ciki har da wani da ke cikin tantanin da ke ba fata launi. Ko wanne ne aka fara cafkewa, abin da ke biyo baya ɗaya ne: sinadaran kiran yaƙi irin su IL-23 da IL-17 da TNF su cika wurin, jijiyoyin jini su buɗe, fata ta shiga haihuwar gaggawa. Makonnin nan biyu zuwa uku lokacin horo ne da tafiya.

Akwai wani abin ɗaure kai da ya shafe mu kai tsaye. A Turai ta arewa cutar na kama mutum 2 zuwa 3 cikin 100, a Afirka ta Yamma kuwa rahotannin asibitoci sun daɗe suna nuna ta yi ƙasa da haka sosai, ƙasa ma da na Kenya da Uganda da Tanzaniya, alhali Cw6 ba baƙuwa ba ce a jinin baƙar fata. Masana sun kawo batun ƙarfin rana da na sauran ƙwayoyin gado. Ni dai ina ƙara ba da nauyi ga dalili na uku da su ma suke ambata: ba a ganewa. Hotunan littattafan likitanci na farar fata ne, inda tabon ke fitowa ja jawur. A jikinmu launin yakan zama ruwan ƙasa mai duhu, ko shuɗi-shuɗi kamar makuba, ko toka-toka. Likitocin fata kuma ƙalilan ne, yawancinsu a manyan asibitoci irin asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo. Wanda ke ƙauye sai dai a ce masa makero ne. Ga shi kuwa akwai cututtukan da ke kama da ita da gaske, har da tunjere a matakinsa na biyu, kuma soriyasis da ta ɓarke da ƙarfi farat ɗaya a jikin babba takan sa likita ya nemi gwajin ƙanjamau. Wannan ba zargi ba ne, ƙa'idar aiki ce.

Mai karatu zai ce, to tunda bakteriya ce ta tayar da fitinar, a kashe ta mana fata ta huta. Da ma haka abin yake da sauƙi. A 2019 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tace binciken magunguna, ta tattara gwaje-gwajen da aka yi, ba ta sami hujja mai ƙarfi cewa antibayotik na warkar da soriyasis ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: lokacin da ƙuraje suka fito, 'yan sintiri sun riga sun bar tonsil sun tare a fata. Kama ɓarawon yanzu ba zai dawo da su gida ba.

Amma kada wannan ya sa a yi sakaci da maƙogwaron, don akwai abin da ya fi fata tsada. Irin wannan kuskuren kama da wane shi ne ke jawo zazzaɓin rumatik, inda garkuwar jiki ke far wa gaɓoɓi da ƙofofin zuciya makonni biyu zuwa uku bayan sitiref. Shi kam an tabbatar maganin fenisilin a kan lokaci yana hana shi, amma har yau zazzaɓin yana lalata zukatan yara da matasa a ƙasashenmu. Yawancin ciwon maƙogwaro na bairas ne, mai zuwa da mura da tari da dashewar murya, ba ya buƙatar antibayotik. Na sitiref ya fi kama 'yan shekara 5 zuwa 15, ya zo da zazzaɓi da zafin haɗiya farat ɗaya, kaluluwa ta kumbura a wuya, a ga fari-fari a kan tonsil, kuma galibi babu tari. Irin wannan asibiti ake kai shi, a shafo maƙogwaron da auduga a gwada in da hali. In ciwon ya wuce, gwajin jini na ASO yana nuna sawun bakteriyar. Magani kuwa kwana 10 ne cur na fenisilin ko amoksisilin, ko allurar benzatin guda ɗaya. Abin da muka saba, a sayo ƙwaya shida a kemis a sha kwana biyu a ajiye da zarar yaro ya iya haɗiyar koko, shi ne ainihin abin da bai kamata ba.

Sai maganar cire tonsil, wadda nake so a saurara da kyau saboda inda za ta iya karkata a garinmu. A 2012 masu binciken Aisland sun buga sakamakon gwaji a kan manya 29 masu soriyasis mai faffaɗan tabo, waɗanda cutarsu ke tashi duk lokacin da maƙogwaro ya yi ciwo. An yi wa 15 tiyata, an bar 14. Cikin 15 ɗin, 13 sun sami sauƙi na kashi 30 zuwa 90 cikin 100 a tsawon shekara biyu, waɗanda aka bari kuwa ba su canza ba. Daga baya aka lura masu Cw6 ta ɓangare biyu sun fi amfana. Sakamako ne mai kyau, amma mutum 29 ba su isa a kafa doka ba, tiyatar kuma tana da nata haɗarin na zubar jini. Likitoci kan duba ta ne ga wanda tonsil ɗinsa ke yawan kumbura kuma fatarsa ke tashi a kowane karo.

Ranar da na yi wannan bayani a gida, kakar ta ce, "To ai shi ne hakin wuya. Da an kira wanzami tun farko da ba a kai nan ba." Na ce, "Hajiya, ba shi ba ne." Abin da wanzami ke yankewa belu ne, ɗan naman da ke reto a tsakiya daga ganda. Tonsil suna gefe biyu, a nutse cikin nama, kusa da manyan jijiyoyin jini. Yanke belu ba ya taɓa inda 'yan sintirin ke samun horo, ba ya kashe bakteriya ko ɗaya, sai dai ya buɗe rauni a maƙogwaron da ke da ciwo, ga zubar jini, ga sarƙe-haƙora, ga ciwon hanta ko ƙanjamau in ƙarfen ya bi wani bakin. Haka ma ƙaho da tsaga da sakiya. Tun ƙarni na 19 likitan Jamus Heinrich Köbner ya lura cewa a jikin mai soriyasis, duk inda aka ji wa lafiyayyar fata rauni, sabon tabo na iya fitowa daidai kan layin raunin. Uwar da ke dirzar ɓawon da soso mai kaushi da tafasasshen ruwa, don ta ga ya fita, shuka sabo take yi.

Man da mai kemis ya bayar ma yana da nasa labarin. Yawancin irin waɗannan mayuka, da na bilicin, suna ɗauke da sitiroyid, maganin kwantar da kumburi, mai ƙarfi kamar kulobetasol ko betametason. Kwana kaɗan tabo ya kwanta, a yi murna, a ci gaba da shafawa wata da watanni har fata ta yi siriri ta tsattsage, in an daina kuma cutar ta dawo da fushi. Mafi haɗari su ne ƙwayoyin sha irin su deksametason da furedinisolon, waɗanda wasu 'yan mata ke sha a matsayin sha-ka-fashe: dakatar da su farat ɗaya na iya mayar da soriyasis mai sauƙi ta zama mai mugunya ko ta mamaye jiki duka, har a kwanta a asibiti. Garin neman gira ke nan. Kulorokwin, da litiyom, da wasu magungunan hawan jini irin su furofaranolol da atenolol, su ma suna iya tayar da ita, don haka mai cutar ya riƙa faɗa wa duk likitan da zai rubuta masa magani. Taba, giya, ƙiba da damuwa duk suna ƙara mata ƙarfi.

Sitiroyid na shafawa ba haram ba ne, likita ma shi yake fara bayarwa, sai dai da ma'auni da wa'adi, sau da yawa haɗe da man kalsifotiriyol, dangin bitamin D. Ga ɗigo-ɗigo da ya bazu, hasken UVB na asibiti, wani sashe na hasken rana da ake haska wa fata da na'ura, yana aiki sosai, inda babu shi kuma ɗan zama a rana ba tare da ƙuna ba yana taimakawa. Man kaɗanya ko basilin bayan wanka da ruwa mai ɗumi ya zama farilla a iskar Jos, wadda ke busar da fatar mai lafiya ma balle. Mai tsanani akan ba shi metotireksat, sau ɗaya a mako, ba kullum ba, kuma mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan sa. Sabbin alluran da ke toshe IL-17 ko IL-23 suna share fata ƙwarai, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancin gidaje.

Nau'in ɗigo-ɗigo yakan baje da kansa cikin wata uku zuwa huɗu. Kusan mutum ɗaya cikin uku ne daga baya ke komawa mai faffaɗan tabo, wasu kuma yakan dawo musu in sitiref ya sake kama su. Wani kaso na masu soriyasis suna samun kumburin gaɓoɓi, don haka yatsan da ya kumbura ko dunduniyar da ke ciwo da asuba abin faɗa wa likita ne.

Na 'yar yayata ya kwanta kafin ruwan farko na Afrilu. Ya bar mata tabo-tabo, wasu sun fi fatarta haske wasu duhu, waɗanda likita ya ce za su ɗauki watanni kafin su saje, kuma kada a kuskura a bi su da man bilicin. Malamar ajinsu da ta ware mata benci ta mayar da ita cikin 'yan uwanta bayan an kai takardar asibiti. Hajiya har yau ba ta karɓi maganar gado ba. In an matsa ta ce a bincika wajen dangin uwa. Amma duk jikan da ya ce haɗiya na masa zafi, ita ce ke fara kiran a kawo mata waya, ta kunna fitila, ta ce ya buɗe baki ya ce "aa".